Kurmin Omo: Inda Magagari Ke Mulkin Inji

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar nan da ta tashi daga Shagamu ta ratsa Ijebu-Ode ta nufi Ore da Binin, ba zai rasa cin karo da manyan motoci ɗauke da gumagumai ba, kowane gungume an ɗaure shi da sarƙa, an kuma buga masa hatimin malaman daji a gindi. Da yawa daga cikinsu daga wajajen kurmin Omo suke fitowa, a gabashin Jihar Ogun. Tun shekarar 1925 Turawan mulki suka keɓe wannan kurmi, girmansa kuwa ya haura hekta 130,000, sa'an nan a 1977 hukumar UNESCO ta sa shi cikin dazuzzukan da duniya ke tattali. Sunan ya samo asali ne daga kogin Omo wanda ya keta shi ya gangara kudu. An raba shi shiyya-shiyya, wadda aka fi sani ita ce J4, kuma da wannan suna direbobi ke kiran mararrabar da ake sauka.

Daga mararrabar sai hanya ta miƙa arewa, wuri kwalta wuri ja. Abin da matafiyi zai fara gani layuka ne na itacen malaina, a jere kamar sojoji, babu tsohon kurmi tukuna. An dasa su ne don ciyar da masana'antar takarda ta Iwopin, wadda aka soma ginawa a shekarun 1970 amma ba ta taɓa yin aiki yadda aka tsara mata ba. Bayan malaina sai gonakin koko da ayaba da goro. Can ciki ne sauran tsohon kurmin yake, inda loko da afara da obeche suka haɗa kai suka tare rana, inda kuma har yanzu ake samun 'yan giwaye kaɗan. Mutumin Arewa da ya saba hangen nesa zai ji ƙirjinsa ya ƙuntata a nan, gama ido ba ya wuce taku 20.

Amma kunne yana wucewa. Tun da hantsi ake jin kukan zarto mai inji daga nesa, ya yi sama ya yi ƙasa, sa'an nan ya yi shiru ɗif. Wannan shirun ne ya kai ni wata gonar koko a wajen iyakar gandun, inda wasu mutum 4 suka kayar da loko da suka saya a hannun mai gonar. Na iske babbansu, wani dattijo Bayarabe, zaune bisa gungumen, ya kafe takobin injin a cikin wata tsaga da ya yi, yana goga wa sarƙar wani siririn magagari mai kama da tsinken tsire. Yaransa suna kiransa Baba, ni ma haka na gaishe shi, ya amsa da Hausar da ya ce ya tsinta a Sabon Shagamu wajen fataken goro, ba tare da ya ɗaga kai ba.

Mai karatu, injin nan ƙirar Jamus ne, Stihl 070, wanda ya zama jakin masu tsaga katako a Afirka ta Yamma saboda ƙarfinsa da sauƙin gyara. Kamfanin kuwa Andreas Stihl ne ya kafa shi a birnin Stuttgart a 1926. To, amma duk ƙarfin inji a banza yake in haƙori ya dakushe. Kowane haƙori na sarƙar lanƙwashe yake, yana da kaifi a sama da kuma a gefe, ɗaya na duban dama na bayansa na duban hagu. Siffar nan tana da labari. Wani mai saran itace a Jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, shi ne ya tsaya yana kallon yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture da muƙamuƙanta masu lanƙwasa, dama da hagu, ya kwaikwaya da ƙarfe, ya soma ƙera irin wannan sarƙa a gidansa a birnin Portland a 1947. Watau dai tsutsa ce malamar dukkansu.

Washin kansa yana da ƙa'ida. Magagarin dole ya dace da girman haƙori, na wannan sarƙa kaurinsa milimita 5.5 ne. Daga ciki ake tura shi zuwa waje, a ɗaga shi in za a dawo, gama magagari ba ya ci da baya. Ana barin kamar kashi 1 cikin 5 na kaurinsa ya leƙo bisa haƙorin. In ya nutse ƙwarai bakin zai yi ƙugiya ya karye da wuri, in ya ɗago ƙwarai ba zai kama itace ba. Ana gama na ɓangare ɗaya kaf, kana a juya a bi ɗaya ɓangaren, kowane haƙori da adadin gugar da aka yi wa ɗan'uwansa. Idan na dama suka fi na hagu tsawo, injin zai riƙa karkata, katakon ya fito kamar ƙafar gwame, dillali ya rage kuɗi. Baba yana ƙirga gugar da leɓe kamar mai jan carbi.

Wannan duk gyara ne da kamfani ya yarda da shi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda masu aikin suka bar littafin kamfani suka bi nasu. Sarƙar da ake sayarwa a kasuwa an wasa ta ne a karkace, wajen digiri 30, don gitta itace. Su kuwa aikinsu bin tsawon gungume ne, su fitar da katako mai ƙafa 12, ba tare da wani abin jagora ba sai zaren da aka tsoma a baƙin mai aka buga layi da shi. Saboda haka wasunsu sukan miƙar da bakin haƙorin zuwa wajen digiri 10, yankan ya fito sumul, ko da yake tafiyar takan ragu. Wasu kuma ba ruwansu da sumul, sauri suke nema, tun da kan katako ake biya, ba kan yini ba.

Sirrin saurin yana jikin wani ɗan ƙahon ƙarfe da ke gaban kowane haƙori. Shi ba ya yanka komai, aikinsa kawai ya iyakance zurfin da haƙori zai nutsa, kamar yadda manomi ke daidaita zurfin garmar shanu. Kamfani yakan bar shi ƙasa da haƙorin da abin da bai kai milimita 1 ba. Mai son sauri sai ya ɗauki magagari mai faɗi ya zaftare shi. Nan take injin zai soma zubar da ɓawon itace manya-manya maimakon gari, aikin awa guda ya ragu. Amma kowane haƙori ya koma cizon abin da ya fi bakinsa: injin ya yi ta fizga, ya gaji, sarƙa ta miƙe ko ta tsinke, kuma in hancin takobin ya taɓa wani abu sai ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Sarƙar tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa guda. Mutanen nan kuwa da silifa suke aiki, ba hular ƙarfe, ba abin toshe kunne, asibiti yana nesa. Ɗaya daga cikin yaran yana da tabo tun daga gwiwa har ƙauri, Baba kansa sai an ɗaga murya yake ji.

Dattijon bai yarda da zaftarewa ba sai ɗan kaɗan, shi ma a kan itace mai laushi irin su obeche da malaina. A ganina gaskiyarsa ce. Loko yakan ɓoye wasu dunƙulen farar ƙasa masu tauri kamar dutse a cikinsa, haƙori na taɓa su kaifi ya tafi. A irin wannan itace, sarƙa mai haɗama neman rai take. Shi ya sa yake tsayawa ya taɓa haƙoran da magagari kusan duk sa'ad da aka ƙara fetur, guga 2 ko 3, maimakon ya jira su mutu.

A can Amurka kuwa wannan sana'a har wasa ta zama. A garin Hayward na Jihar Wisconsin, tun 1960 ake gasar masu saran itace kowace shekara, inda gwani kan yanka gungume sau 3 cikin abin da bai kai daƙiƙa 10 ba. Masu shirya musu sarƙa sukan yi kwanaki a kan guda ɗaya, su rage ƙarfen bayan haƙori don nauyi ya ragu, su fitar da baki mai kusurwa da magagari mai gefe-gefe. Irin wannan sarƙa ba za ta yi rabin yini a jikin loko ba.

Akwai wata hasara da ba a jin ƙararta. Hanyar da sarƙa ke ci a jikin itace ta kusa santimita guda, alhali zarton masana'anta bai fi sulusin haka ba, don haka duk 'yan katakai kaɗan, an mai da guda ɗaya gari. Wannan na cikin dalilan da suka sa Ghana ta haramta tsaga katakon sayarwa da irin wannan inji a 1998, amma kasuwanninta ba su daina cika da shi ba, domin ya fi araha kuma yana shiga inda mota ba ta shiga.

Da la'asar mata da samari suka zo suka ɗauki katakan a ka, ɗaya-ɗaya, suka bi ta tsakanin itatuwan koko zuwa bakin hanya, inda za a tara su har su cika mota. Wasu Ikko za su nufa, wasu kuma su yi Arewa, su sauka a 'yan katako na Na'ibawa a Kano. Kafinta na ganinsu yake gane su, don sawun haƙoran yana kwance a jikinsu layi-layi, kuma tun kafin ya taya yakan shafa da tafin hannu ya ƙiyasta yawan abin da zai kankare kafin fuskar ta yi daidai.