Gandu da Gayauna a Cikin Manhajar Waya

A shekarar 2013, injiniyoyin Dropbox sun tsinci kansu cikin matsalar da ke jiran duk mai gina manhajar waya. Jama'a sun kasu biyu, wasu na riƙe da iPhone, wasu Android, kuma kowace waya da harshen da take ji. Injiniyoyin ba su da yawa, sai suka yanke shawarar rubuta zuciyar manhaja sau ɗaya da harshen C++, wayoyin biyu su ɗiba daga ciki.

Tsarin ya yi kama da noman babban gida: ga gandu da kowa ke yi wa aiki, ga gayaunar kowane ɗa. Abin da bai damu da irin waya ba, kamar adana bayanai da aika su ta intanet, ya shiga gandu. Abin da ido ke gani, yatsa ke taɓawa, ya zauna a gayauna.

A 2019 kamfanin ya bayyana cewa ya watsar da wannan tsari, ya koma rubuta komai sau biyu, da Swift don iPhone, da Kotlin don Android. Iyakar da ke tsakanin gonakin ce ta cinye ribar. Sai da suka ƙera kayan aikinsu, ciki har da Djinni, don harsunan su fahimci juna. Kuskuren da ya tsallaka iyaka kuwa yakan yi wuyar bin sawu. Wayoyin ma ba hali ɗaya gare su ba wajen aikin da manhaja ke yi bayan an rufe ta. Daga baya waɗanda suka kafa gandun suka watse, magada suka yi wuyar samu.

Airbnb ya ɗanɗana irin wannan. Ya rungumi React Native a 2016, ya sake shi a 2018, bayan ya ga gonaki uku yake nomewa maimakon biyu.

Wannan bai kashe gandu ba, domin Flutter da Kotlin Multiplatform na nan suna aiki. Sai dai mai tsara manhaja ya kamata ya fara shata iyaka kafin ya rubuta layin farko: me za a haɗa, me za a raba, ta wace ƙofa ɓangarorin za su yi magana. Sannan ya tambayi kansa wa zai iya nome gandun ranar da shi ba ya nan.