Taraktar gidan mu ta tashi

Mai karatu, in ka na son ka gane zaman da ake yi a gida, to ka jira ranar da za a raba abin da ba ya rabuwa. Gona a kan ja mata igiya, kuɗi a kan ƙirga, amma tarakta fa? Bayan rasuwar Baba a 2021, Allah ya jiƙan sa, komai ya tafi lami lafiya a gidan mu da ke Kudenda, sai wata tsohuwar jar tarakta da ta shekara bakwai a ƙarƙashin mangwaro, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a kan kujerar ta.

Massey Ferguson 135 ce, irin wadda aka riƙa ƙerawa a Ingila daga 1964 zuwa 1975. 'Yar ƙarama ce, injin ta Perkins mai silinda uku, mai shan gas, ƙarfin sa kamar na doki 45. Kakan mu ya saye ta na-hannu a zamanin da gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa na 1976, lokacin da har ma'aikacin ofis ke son a ce ya na da gona. Da ita aka riƙa nome mana fadamar mu ta bakin Kogin Kaduna har 2014, ran da ta yi tari ta mutu a tsakiyar kunya.

Yaya ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a kilo a raba kuɗin. Ba zan ce ba shi da hujja ba, domin ya na da iyali, ga kuɗin makaranta. Inna kuwa ba ta ce uffan ba, amma kowa ya san cewa duk damina sai ta bi layin masu tarakta ta haya, kuma ba a zuwa gonar bazawara sai an gama da ta manya. Wani lokaci sai shuka ta wuce kafin a zo. Daga masarar nan ake ci a gidan.

Kawu ne ya raba gardamar. Shi bakanike ne, ya yi shekaru ya na kula da janaretocin wata masaƙa a Kakuri kafin a kulle ta. Duk wanda ya san kudancin Kaduna ya san wannan labari: masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, sauran su ka bi ta ɗaya bayan ɗaya, aka bar gwanayen ƙarfe na zaman kashe wando. Kawu ya ce, "Ku ba ni wata uku. In ba ta tashi ba, ni da kai na zan kira mai sikeli." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, tunda ka yi Poli, kai ne yaron shago na."

Ran da mu ka buɗe kan injin, sai ya sa na zura yatsa cikin silinda. A can sama na ji wani ɗan tudu kamar bakin kwano. Ya ce wannan aikin ƙura ne. Taraktar na da wata tukunya mai baƙin mai a ciki wadda ke tace iska. In aka bar ta ta bushe, ƙurar hunturu sai ta shige ta riƙa cin ringi da bangon silinda kamar sanfefa. Injin gas kuwa ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da in nozul ya fesa mai sai ya kama da kan sa. Da zarar ringi ya cinye, matsin ya tafi, ko ka kwana ka na ba ta kik ba za ta amsa ba.

Abin da ya cece mu shi ne yadda aka ƙera injin. Bangon silindar sa riga ce da ake zarewa a buga sabuwa, ba sai an jefar da bulok ba. Mu ka sauke karanshaf mu ka kai shi wurin masu yanka, su ka ɗan rage shi, aka nemo mital daidai da sabon awon. Aka goge bawul, aka kai famfon injekta da nozul uku wurin gwaji, aka wanke lagireto. Sauran ƙananan abubuwa kuma Panteka ta fitar da mu. Akwai wani ƙarfen riƙe salansa da ya karye, wani yaro da bai kai ni shekaru ba ya kalle shi sau ɗaya ya ƙera mana irin sa kafin la'asar.

Kuɗi kam sun ci. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, duk kayan da ke zuwa daga waje sun yi tashin gwauron zabo. Inna ta saida tumaki biyu, na zuba abin da na ke samu. Wata uku ya zama biyar. Ana cikin haka wata rana Yaya ya shigo da sabon batir a kafaɗa, ya ajiye, bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Wurin ɗaure kan injin ne na ga abin da ake kira ƙwarewa. Kawu ba ya ɗaure noti a jere. Daga tsakiya ya ke farawa ya yi waje, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, don kada gasket ya danne a karkace. Ya ce, "Ɗa na, gaggawa a nan ita ke sa ruwa ya haɗu da mai." Da aka gama, ya sassauta bututun nozul ya fitar da iskar da ke cikin layin mai, sannan ya ce in murɗa.

Ta yi gurnani sau biyu, ta fitar da farin hayaƙi, a na uku ta kama. Kawu bai yi murna ba tukuna, hayaƙin ya ke kallo. Ya koya mani cewa shuɗi na nufin ta na ƙona baƙin mai, baƙi kuma gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, fari in ya daɗe to akwai magana. Na mu ya washe cikin 'yan mintoci. Sai a lokacin ya zauna ya ce a kawo masa ruwa.

A daminar 2024 gonar Inna aka fara nomewa a layin mu, sannan ta maƙwabta huɗu, kuɗin hayar kuma a ka raba bisa gado, har da kason Yaya. Kawu ya kafa mana doka ɗaya: duk Juma'a da safe a buɗe tukunyar iska a duba man ta. Yaran unguwa biyu ke yin wannan aiki yanzu, kuma ƙaramin cikin su ya fara bambance ƙarar bawul da ta mital da kunne.