Zuwa Cirozerin, garin gawayi da ƙishin ruwa

Daga Agadas zuwa Cirozerin kilomita 70 ne da 'yan kai. Mota takan bi hanyar Arlit, wadda manyan motocin yuraniyom suka cinye kwaltarta, sannan ta ratse dama ta nufi gindin duwatsun Abzin. Tun kafin ka ga gidaje za ka hango hayaƙin Sonichar, kamfanin da aka kafa a 1975 don haƙar gawayin Anu Araren. Tun 1981 yake ƙona gawayin nan yana ba Arlit da Agadas da garin kansa wutar lantarki. Injinansa ba sa aiki sai da ruwa, kuma daga rijiyoyin burtsatse na Rarus ake janyo shi ta bututu.

Na sauka ana tsakiyar damina, washegarin da ƙorama ta kawo. Ruwan ya wuce, amma ya bar kududdufai a ƙarƙashin goruba, jajaye kamar kunun kanwa. Yara sun ajiye riguna a kan duwatsu sun faɗa ciki. Na tsaya ina kallon wani ƙarami da ya toshe bakin jarka ya rungume ta a ƙirji, yana ta harba ƙafafu. Duk lokacin da jarkar ta kuɓuce masa sai kansa ya nitse, ya taso yana tari. Babu babba ko ɗaya a wurin.

Wani dattijo mai garka a bakin ƙoramar ya ba ni shayi, na tambaye shi, "Baba, wa ke koya musu iyo?" Ya gyara amawalinsa ya ce, "Ɗana, ruwan ne malaminsu. Wata tara ba su gan shi ba, ranar da ya zo kuma da fushi yake zuwa." Gaskiyarsa. Nan ruwan sama da wuya ya kai milimita 200 a shekara, amma in ya zuba a kan duwatsu sai ya gangaro gaba ɗaya. Mutanen Agadas ba su manta da ɓarnar da ƙoramar Telwa ta yi musu a watan Satumba na 2009 ba.

Daga nan na wuce Tafadek, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa daga ƙasa, masu ciwon gaɓoɓi suna zuwa daga nesa su yi kwanaki. Abin da ya ja hankalina shi ne wurin wankan a killace yake, shi ya sa tsofaffi da mata ke shiga ba tare da jin kunya ba. A hanyar komowa na ƙudurce cewa irin wannan killacewa, tare da rufi, ita ta dace da wurin iyon da ya kamata ma'aikatar magajin garin Cirozerin ta sa cikin shirinta.

Wani zai ce almubazzaranci ne a garin da mata ke layin famfo. Ina ganin girman wannan magana, kuma ruwan sha shi ne gaba. Amma a yi lissafi. Tafki mai tsawon mita 25, faɗin 10, zurfin mita 1.2, yana cin ruwa mita kubik 300. A wannan yanki rana da iska suna shanye fiye da mita 2 na buɗaɗɗen ruwa a shekara, wato aƙalla mita kubik 500 daga tafkin, fiye da abin da ke cikinsa. Rufi ne ke tare wannan asara, ya kuma hana ƙurar hunturu toshe matata. Ruwan da aka sauya sai a ba itatuwa. Wutar injin tacewa kuwa a ƙofar gida ake yin ta.

Ba babban wurin gasa irin na Yamai ake nema ba, wanda ke kusan kilomita 1,000 daga nan. Ƙaramin wuri ne mai malami da mai gadi, lakwal-lakwal su riƙa kawo yara aji-aji, a ware wa mata ranakunsu tare da malama. Ina roƙon hukumomin garin da shugabannin Sonichar su zauna kan wannan batu kafin wata damina ta kewayo.