Daga Kano Zuwa Jidda: Awa Biyar Ko Bakwai?

Idan muka ɗauko taswira muka ja layi daga Kano zuwa Jidda, za mu samu kimanin kilomita 3,400. Layin ya ratsa Chadi da Sudan, sannan ya tsallake Bahar Maliya. Jirgin fasinja kan yi gudun kilomita 850 a awa guda, wato awa huɗu ke nan a lissafi. In muka haɗa da tashi da sauka, tafiyar kan kusan kai awa biyar.

To, ga inda ake ruɗewa. Mu ce mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da ƙarfe 10 na safe. Muna sauka sai mu tarar agogon Jidda ya nuna 5 na yamma, alhali namu yana kan 3. Dalili shi ne Saudiyya tana gabas da mu, rana kan riga fito musu, don haka sun riga mu da awa biyu. Matafiyin da bai gyara agogonsa ba, ranar dawowa jirgi na iya tashi ya bar shi.

Kakanninmu kuwa a ƙafa da jakuna suka bi wannan hanya, ta Borno da Wadai da Darfur har tashar ruwa ta Sawakin. Wasu sukan shekara da shekaru suna noma a hanya don neman guzuri. Da yawa ba su dawo ba, jikokinsu suna nan a Sudan suna jin Hausa har yau.