Bermuda: Tsibirin da ya yi hutu saboda 'yarsa

Idan ka buɗe taswirar duniya, sai ka ƙura ido sosai kafin ka hango Bermuda, ɗan tsibiri a tekun Atlantika da ke ƙarƙashin Birtaniya. Mutanensa kusan 64,000 ne kacal.

Kusa da Hamilton, babban birnin, akwai wata hanya mai hawa da lanƙwasa da ake kira Corkscrew Hill a da. Yanzu sunanta Flora Duffy Hill. Flora 'yar tsibirin ce, gwana a wasan tirayatilon, inda ake haɗa ninƙaya kilomita 1.5, tseren keke kilomita 40 da gudu kilomita 10, ba hutawa a tsakani. A 2018 ta hau wannan tudu da kekenta, ta lashe gasa a gaban 'yan garinsu.

Kakar 2021 ce ta ɗaukaka ta. A watan Yuli ta ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo, na farko a tarihin Bermuda. A Agusta kuma ta zama zakarar duniya a Edmonton ta Kanada. Gwamnati ta ba da hutu ranar 18 ga Oktoba da sunanta.

Amma a Olamfik ta Beijin a 2008, Flora ko kammala tseren ba ta yi ba. Har ta bar wasan na ɗan lokaci, ta tafi jami'a a Amurka, sannan ta dawo. Ɗalibin da jarrabawa ta kayar bana, ya tuna da wannan tudu.