Yerevan: Filin Ƙwallo a Gindin Tudun Makoki

Duk baƙon da ya sauka Yerevan, babban birnin ƙasar Armeniya, abin da zai fara cika masa ido shi ne Dutsen Ararat, mai tsawon mita 5,137, wanda ƙanƙara ba ta rabuwa da ƙololuwarsa. Armeniyawa suna ji da dutsen nan ƙwarai, har sun sa siffarsa a tambarin ƙasarsu. Amma fa a cikin Turkiyya yake, sai dai hange daga nesa, domin a 1993 Turkawa suka rufe iyaka saboda yaƙin da Armeniya ta yi da Azarbaijan a kan yankin Karabak.

A yammacin gari, cikin kwazazzabon kogin Hrazdan, akwai wani makeken filin ƙwallo mai sunan kogin, wanda aka gina tun zamanin Tarayyar Sobiyat. Bisa tudun da ke kansa kuwa aka kafa wurin tunawa da Armeniyawan da aka hallaka a Daular Usmaniyya daga 1915. An buɗe shi a 1967, da wata wuta a tsakiya wadda ba a barinta ta mutu. Armeniyawa suna kiran abin da ya faru kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya kuwa ta ƙi wannan suna. Nan gizo ke saƙar.

To, ana nan sai ƙuri'ar wasannin neman shiga gasar cin kofin duniya na 2010 ta haɗa ƙasashen biyu a rukuni ɗaya. Shugaba Serzh Sargsyan ya gayyaci Shugaba Abdullahi Gul kallon ƙwallo, shi kuwa ya amsa. Ran 6 ga Satumba, 2008, ya iso Yerevan, watau shi ne shugaban Turkiyya na fari da ya taka ƙasar. Masu zanga-zanga suka yi jerin gwano a bakin hanya, aka yi wa taken Turkiyya ihu, duk da haka shugabannin suka zauna wuri guda a bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa. Turkiyya ta ci biyu ba ko ɗaya. Lalle dabara ce: da an ce taron sulhu ne, da wuya ɗayansu ya iya zuwa ba tare da mutanensa sun ce ya sayar da su ba.

A Oktoba 2009 aka sa hannu a yarjejeniyar buɗe iyaka a Zurich, Sargsyan kuma ya rama ziyara a birnin Bursa. Sai Azarbaijan ta fusata, majalisun ƙasashen biyu suka jingine takardun, har Armeniya ta soke su a 2018.

Gadar Margara da ke kan kogin Aras, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota daga Yerevan, ta ci gaba da zama a rufe. Sai a Fabrairu 2023, da girgizar ƙasa ta auka wa Turkiyya, aka buɗe ta, manyan motocin Armeniya suka haye da kayan agaji.