Abin Da Na Koya A Bakin Rariya

Shekarar da na gama sakandare ban samu gurbi a jami'a ba. Likita nake son zama, amma makina bai kai ba. Ina zaune a gida a Kagarko, kullum ina jin nauyin haɗa ido da Baba, sai wani yayana ya ce in bi shi Janjala, wai Turawa na ɗaukar leburori. Don kuɗin kawai na tafi.

A Janjala ne masu binciken kufai na Jami'ar Goethe da ke Jamus suka kafa tasharsu, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da jami'o'in Jos da Ahmadu Bello. A 2005 suka fara bin sawun mutanen Nok, waɗanda suka fara zama a wannan yanki kimanin shekara 3,500 da suka wuce, suka kuma shahara da mutum-mutumin gasasshen yumɓu. Mu dai abin da muka sani shi ne akwai masu tono su a ɓoye suna sayar wa dillalai. Na ɗauka su ma Turawan haka suke, takardar izini kawai suka fi su.

Ranar farko aka miƙa mini rariya. Aikina in tankaɗe ƙasar da aka kwaso daga rami, in tsince duk abin da ya saura. Daga nan na lura cewa ba abu ɗaya mutanen tashar ke nema ba. Kowa da tambayar da ta dame shi.

Akwai mai awo, wanda ke kafa na'ura mai ƙafa uku yana rubuta zurfi da mazaunin duk abin da ya fito, ko da tsingaro ne. Lissafi da labarin ƙasa ne jarinsa. Akwai mai nazarin tukwane, wadda ke jera fasassun tsingaro tana duba zanen jikinsu. Kamar yadda ɗinkin zamanin kakanninmu ya bambanta da namu, haka adon tukunya ke sauyawa, sai ya nuna wanne ya riga wanne. Akwai masu binciken tsirrai, su kuma ƙasa suke zubawa a ruwa, gawayi da ƙonannun ƙwayoyi su taso sama, a kwashe a duba da madubin ƙara girma. Da haka aka gane cewa gero ne babban abincin mutanen Nok, ga wake, ga atili. Wasu kuma kashin maƙera suke bi, don sanin lokacin da aka fara narka tama, aikin da Bernard Fagg ya fara sa'ad da ya tono tandunan Taruga a shekarun 1960.

Bayan 'yan makonni aka mayar da ni cikin rami. Wata safiya ina kankare ƙasa sai ga wani ido na kallona, idon yumɓu mai kusurwa uku da huda a tsakiya. Ban san lokacin da na fizge shi na ruga wurin ɗalibin jami'ar da ke kula da mu ba. Ina jiran yabo, sai na ga fuskarsa ta sauya.

"Ƙanena, daga ina ka ciro shi?"

Na nuna ramin. Ya ce in nuna daidai wurin. Na kasa.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Duk abu mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon-14, idan ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa, rabinsa na tafiya duk shekara 5,730. Ƙwayar geron da ke kwance kusa da idon nan ita ce za ta faɗi shekarunsa, ni kuwa na raba su. Ya ce abin da masu tonon ɓoye ke yi ke nan kullum: su sayar da kan, su bar mu ba labari. Ranar ban iya cin abinci ba.

A 2021 na karanta cewa masana kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bristol da ke Ingila sun gwada tsingaron Nok sama da 450, suka tarar da ɓurɓushin kakin zuma a cikin wasu. Ƙasar yankin tana cinye ƙashi, shi ya sa aka koma tambayar tukunya abin da aka zuba mata. Na yi ta tunanin ko akwai wanda ya bi ta rariyata a cikinsu.

Da na ce wa Baba wannan fanni zan karanta a Zariya, sai ya ce, "To, wa zai ba ka aiki?" Tambayarsa tana kan hanya. Guraben ba su da yawa, daga gidajen tarihi irin na Jos da aka buɗe a 1952 sai jami'o'i, kuma aiki ne na rana da ƙura da haƙuri. Duk da haka ya sa mini albarka, ban kuma yi da-na-sani ba.

Ƙannena, idan kuna son kimiyyar halittu, ko sinadarai, ko lissafi, ko zane, ku sani kowannensu yana da mazauni a irin wannan tasha. Idan kuma fartanya ta tono muku tsingaro mai ado ko guntun mutum-mutumi a gona, kada ku yi irin tawa. Ku bar shi inda yake, ku sa alama, ku gaya wa malaminku ya sanar da gidan tarihi mafi kusa.